Yadda Yalwa Ta Ga Garin Ubanta

A Ƙofa, in aka ce Yalwa mai kisira, kowa ya san gidan. Kisira wainar dawa ce mai faɗi, siririya, abincin mutanen Sudan, kuma kafin zuwanta ba wanda ya taɓa ɗanɗana ta a garin.

Mahaifinta, Sale, manomi ne ɗan Ƙofa. Ya bar gida da matarsa Kulsum da niyyar hajji a ƙafa, ana tafe ana ƙodago, kamar yadda ake yi a da. Guzuri ya yanke musu a Madani ta ƙasar Sudan, suka tsaya cirar auduga, da nufin baɗi su wuce. Baɗin da ba ta zo ba ke nan. A nan aka haifi Yalwa, a nan ta auri wani Bahaushe matafiyi irinsu, a nan aka binne iyayenta, daga baya mijinta ya bi su. Ta kafa rumfar abinci a bakin tasha, tana rufa wa kanta asiri.

Da Sudan ta samu 'yancin kai a 1956, aka fito da sabuwar dokar zama ɗan ƙasa. Sai wanda kakanninsa suka daɗe a ƙasar ake ba takarda. Yalwa ta je, aka ce mata ita Takari ce, wato baƙuwa daga yamma, ta nemi takardar ƙasarsu. Ta koma rumfa. Ƙasar da aka haife ta ta ce ba tata ba ce, wadda ake cewa tata kuwa ko a mafarki ba ta san kamarta ba.

Ana haka sai ga Alhaji Gwadabe, wani falken shanu na Tudun Wada, a hanyarsa ta komawa gida daga Makka. Ya zauna cin abinci, ya ji tana korar akuya da Kananci tsantsa.

"Baiwar Allah, ke 'yar ina ce?"

"An ce mini Ƙofa, Alhaji. Ban taɓa ganin ta ba."

Ya ajiye tafiyarsa, ya raka ta Khartoum, ofishin da ke kula da alhazan Nijeriya. Akawun ya yi musu bayani cewa dokar Ingila uba take bi. In an haifi Sale a Jihar Arewa, to 'yarsa tana ƙarƙashin kariyar Ingila, kuma ta cancanci fasfo. Sai dai Sale ya fito ba takarda, don haka dole a samu shaida daga gida. Gwadabe ya ce wannan a wuyansa yake. Yalwa ta yi godiya, amma ba ta sa rai ba, don ta sha jin alkawarin matafiya.

Shi kuwa bai manta ba. Da ya koma gida, bayan kaka ya hau kekensa zuwa Ƙofa, yana tambayar wani Sale da ya tafi gabas bai dawo ba. Matasa ba su san shi ba. Daga ƙarshe aka kai shi zauren Malam Hayatu, tsohon malamin allo wanda idonsa ya fara dushewa. Da ya ji sunan sai ya ce tare aka yi musu kaciya, kuma shi ya raka Sale da matarsa har bayan gari ranar da suka tashi. Duk da ciwon ƙafa, ya sa aka ɗora shi a jaki, ya je gaban hakimi ya ba da shaida.

Magana ta tafi Kano, ta wuce Kaduna, ta kwana biyu a can. Sai da damina biyu ta wuce aka aiko kiran Yalwa daga ofishin Khartoum. Aka ɗauke ta hoto, karo na farko a rayuwarta, aka miƙa mata ɗan littafi mai bango mai tauri. Ta ƙulle shi a zane ta ɗaura a ƙugu. A kowace iyaka, ta ƙasashen da ke hannun Faransa da na hannun Ingila, in ta kwance shi sai a buga hatimi a ce ta wuce, tana ta mamaki.

Ta sauka Ƙofa a 1959, gero ya fara fitar da kai. Ta durƙusa a ƙofar zaure ta gai da Malam Hayatu. Ya karkata kunne ya ce ta sake gaisuwar.

"Muryar Kulsum ce," ya ce. "Shigo, 'yata, gida kika zo."

Ya ba ta ɗaki a gidansa. Balarabe, ɗan wan mahaifinta, wanda ke noma gonar gado, ya yanka mata gefe ba tare da ta tambaya ba. Da farko mata na dariyar Larabcin da ke suɓuce mata, daga baya su ne masu kawo mata amare ta yi musu lalle irin na can.

Malam Hayatu bai daɗe ba ya rasu, Yalwa ce ta yi jinyarsa tare da iyalinsa. Gwadabe kuma duk lokacin da ya koro shanu ta wannan hanya sai ya tsaya, ta cika masa akushi. In ta fara yi masa godiya yakan ce ta bari, Allah ne ya yi. Takan ce ta sani, amma Allah da mutane yake aiki, ta ci gaba da sa masa albarka har ya tashi.