Famfon Ƙofar Gidan Malama

Duk abin da zan manta na zamanmu a Tarauni, ban da shekarar da aka kafa famfo a ƙofar gidan maƙwabciyata. Lokacin soja bai daɗe da miƙa mulki ga farar hula ba, ko'ina ka juya alkawari ne. Kullum rediyo maganar ke nan: za a raba ruwan kogi tsakanin masu noman rani da mutanen birni, a jawo sabon bututu ta Gyaɗi-Gyaɗi ya shigo mana, kowane layi a ba shi famfo guda.

Gidanmu ne kaɗai mai rijiya a layin. Tun da sassafe mata suke sallama da bokitai, ana jan guga ana hira, wata ta tsaya in yi mata kitso, wata ta dire mini jaririnta a cinya. Ni Allah bai ba ni haihuwa ba, maigida kuma direban babbar mota ne, sai ya yi mako bai kwana a gida ba. Rijiyar nan ce take cika mini gida. Shi ya sa na ƙudurta cewa in famfo zai zo, to a ƙofata zai tsaya.

Ranar da ma'aikatan ruwa suka zo awo, maigida yana gari. Na cika babban kwano da ruwan randa mai sanyi, na ce ya kai musu, don a san mu mutanen kirki ne. Ina laɓe a zaure na ji babbansu ya ce, "Kai, wannan ruwa da daɗi yake! Daga ina?"

Maigida ya bugi ƙirji ya ce ai rijiyar gidansa ce.

"To Alhaji, ai ku kun wadatu. Bari mu kai wa marasa shi."

Garin neman gira na rasa ido. Ina kallo suka wuce can ƙarshen layi, suka shafa jan fenti a katangar Malama, wata Kirista 'yar kudancin Kaduna da take koyarwa a firamare. Kullum ita ce farkon zuwa rijiyata, don ta yi sammakon makaranta.

Da ruwa ya zo, gidana ya mutu murus. Ina zaune sai in jiyo shewar mata daga can, in ji kamar ana soka mini allura. Wallahi na yi ƙyashi, ba zan ɓoye ba. Har daɗi nake ji ranar da aka juya ruwan zuwa wata unguwa famfon ya ƙafe. In na hango bokitai jere a ƙofarta, sai in ce a raina: ji ta, baƙuwar jiya ta zama uwar layi. Ban taɓa shan ruwan famfon nan ba, cewa nake warin magani yake yi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, Malama ba ta fasa zuwa ba. Kowace safiya sai ta yi sallama da bokitinta, ta ja guga, ta tambayi kwanana. Ni kuwa gani nake ta zo kallon yadda na koma ne. Wata safiya na kasa daurewa.

"Malama, ruwa har ƙofar ɗakinki, me kuma kike nema a tsohuwar rijiyata? Ko dariya kika zo yi mini?"

Ta ajiye gugan, ta dube ni. "Haba Hajiya! Ke kin ɗauka ruwa ne yake kawo ni? Lokacin da na zo garin nan ban san kowa ba, ke kika fara ce mini in zauna. Famfo ba ya tambayar mutum yadda ya kwana."

Na shiga ɗaki na ɗauko mata tabarma. Ranar ta makara zuwa makaranta.

Sauran matan ba su dawo ba, sai in ruwa ya ɗauke. Ita kuwa ba ta fasa ba har aka yi mata canjin wurin aiki zuwa Hotoro, kuma ranar da za ta tashi ni na fi kowa kuka. Abin da na koya shi ne, hassada ba ta barin mutum ya ga mai ƙaunarsa. Taron da nake kuka a kansa ruwa yake bi, wadda take bina kuwa ita ce na so in kora.