Adakar Ganin Wata

Duk wanda ya taso a Kanyar Tudu, wani ɗan ƙauye a ƙasar Shanono, da ƙarar adakar Malam Tasi'u ya ɗauki azuminsa na fari, da ita kuma ya san gobe Sallah. Malam Tasi'u manomi ne kamar kowa, gero da dawa da wake da damina, da rani kuma 'yar albasa a fadama. Gajeren dattijo ne mai son hira, irin wanda in ya tare ka a hanyar kasuwa sai ka tarar an watse. Amma in ka shiga garin kana neman Tasi'u manomi, kallonka za a yi ta yi. Ka ce Mai Adaka, ko ɗan yaye zai nuna maka ƙofar gidan.

Bindigar ta gado ce. Mahaifinsa maharbi ne, shi ya bar masa ita, doguwa, ƙotarta ta yi baƙi tana sheƙi don shan hannu. Sai dai ɗan bai gaji harbin ba. Mutumin da ko kaza za a yanka a gidansa sai ya tuna yana da uzuri a waje. Tun da adakar ta zo hannunsa bai taɓa zuba mata ƙarfe ba. Albarushi ne kawai, ya danne da tsumma, ya hau tudun bayan masallaci ya ɗaga bakinta sama. In an ga wata ya buga, in alhaji ya dawo daga Makka ya buga, in an yi saukar Alƙur'ani ma ba sai an roƙe shi ba. Rediyo ya zo, waya ta zo, kowa na jin sanarwa daga aljihunsa, amma matan garin ba sa jiƙa geron kunun sahur sai sun ji ta.

Matarsa, Inna Zulaihatu, ta daɗe da sallama masa. In ta gan shi a zaure yana goge ta sai ta ce, "Malam, man gyaɗan da wannan aba ta sha, da a kasko ya shiga da duk unguwar nan an ci ƙosai." Shi kuwa sai ya yi dariya ya ƙara ɗigawa.

Haka ake zaune har ɓarayin daji suka fara tsallakowa ta yamma. Yau ka ji an kore shanu a wancan ƙauye, gobe ka ji an tafi da matar wani. Abin bai iso Kanyar Tudu ba, amma an ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Samari da magidanta suka haɗa sintiri da sanin mai unguwa. Cikinsu har da Kamaruddeen, autan Malam Tasi'u, magidanci mai 'ya'ya biyu da ke kai hatsi kasuwar Dawanau. Makamansu gora da adda da tocila, sai bindiga biyu da ake karɓa-karɓa da su.

A majalisar bayan la'asar kuwa ba a da wata hira sai ta bindiga. Wasu na cewa hukuma ta bar kowa ya riƙe tasa, tunda mai zuwa kashe ka bai nemi izinin kowa ba. Malam Tasi'u yakan girgiza kai.

"Ku da kuke fasa wa juna kai a kan iyakar gona da fartanya? A ba ku bindiga, kafin kaka mun rasa masu girbi."

Ana dariya, amma shi har cikin ransa yake faɗa. Shi ya sa da Kamaruddeen ya durƙusa a zaure ya ce, "Baba, adakar nan fa muna bukatarta," bai ko bari ya ƙarasa ba.

"Wannan ba ta san mutum ba, Kamaru. Sama kawai ta sani. Ba a hannuna za ta koyi wani abu ba, ba kuma a hannun ɗana ba."

Kamaruddeen ya sunkuyar da kai ya tashi. Bai sake tayar da maganar ba.

Ranar da ake duban watan azumi, Malam Tasi'u ya fito da albarushinsa tun la'asar. Inna Zulaihatu ta tsaya a kansa.

"Malam, bana ka bar ta ta huta. Zukatan mutane a tsaye suke."

"Haba, Zulai. Wa ye bai san muryarta ba a garin nan? Kuma kowa ya san yau ake duban wata."

Gaskiya ya faɗa, kuma a nan ya yi kuskuren. Ana idar da sallar isha'i rediyo ya sanar, shi kuwa ya hau tudunsa da murna kamar kullum, ya ɗaga ta ya danna kunama. Ya tsaya jiran guɗar mata da ihun yara. Abin da ya ji daban ne. Salati ya tashi ta ko'ina, ƙofofin langa-langa na bugawa, awaki na kuka, kowa ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Garin gaba ɗaya ya nufi kwarin rafi.

Mutum ɗaya ne bai bi su ba. Malam Tasi'u na tsaye baki buɗe ya hango hasken tocila yana tahowa a guje, kai tsaye wajen da ƙarar ta fito. Da hasken ya iso sai ya ga Kamaruddeen ne, ba takalmi, yana haki. Abin da ke hannunsa gora ce.

"Baba, kai ne?"

"Ni ne. An ga wata."

Kamaruddeen ya dafa gwiwoyinsa ya ce, "Alhamdu lillahi. Allah Ya sa mu ga ƙarshensa lafiya." Ya juya ya tafi kiran mutane su dawo. Uban ya bi bayansa da kallo, shi da gorar, har ya shige lungu.

Washegari da hantsi Malam Tasi'u ya tafi ba da haƙuri gida gida. Wadda ta fi jin jiki ita ce Mairo mai ƙuli-ƙuli, tsohuwar maƙwabciyarsu, da ta tsallake danga ta gurɗe ƙafa. Ya same ta a tabarma an ɗaure mata ƙafar.

"Mairo, ki yafe ni. Amma ke ma? Ke da kike fara yi mata guɗa?"

"Na san ita ce, Malam Tasi'u," in ji ta. "Wallahi kunnena ya gane ta. Ƙafata ce ba ta gane ba."

Ya yi dariya, idonsa kuwa ya kawo ruwa. Ya gane cewa muryar adakarsa ba ta canja ba, amma ba za ta ƙara zama albishir a garin nan ba sai ranar da Allah Ya kawo sauƙi. Wannan ya yi masa ciwo. Abin da ya fi ci masa rai kuwa, har ya hana shi sakewa a azumin farko, gorar nan ce. Da a ce ba shi ne a kan tudun ba fa?

Kafin a sha ruwa ya biya wajen mai gyaran keke ya karɓo 'yan ƙwallayen ƙarfen nan na cikin ƙafar keke. Ya zauna a zaure ya ɗura adakar yadda ya ga mahaifinsa na yi, da yake bai saba ba har wasu suka zube a ƙasa. Inna Zulaihatu ta leƙo, ta buɗe baki za ta yi tsokanarta, sai ta fasa. Ta tsuguna ta tsince masa.

Ya aika aka kira Kamaruddeen, ya miƙa masa da hannu biyu.

"Ga ta. Kada ka nuna wa kowa bakinta don fushi ko don a ce kai namiji ne. In ka ga babu makawa, ka tsare ranka da na jama'a. Amma ka sani, in kana dawo min da ita da cikinta kamar yadda na ba ka, ka gama yi min komai."

"In sha Allahu, Baba."

Sallah ta zo, aka ji a rediyo, mata suka yi lallensu ba tare da an buga komai ba. Malam Tasi'u na nan yana noma, yana tare mutane da hira, a majalisa kuma bai janye maganarsa ba. In aka ce ai ga shi shi ma ya bayar, sai ya ce, "Na bayar, ban ce ina so ba."

Sai dai ya yi sabuwar ɗabi'a da duk gidan suka sani. Kullum bayan asuba yana zaune a zaure kafin 'yan sintiri su dawo. Kamaruddeen zai shigo ya durƙusa ya ce, "Baba, ina kwana?" Uban ba zai amsa ba. Sai ya karɓi adakar, ya kai bakinta hancinsa ya shinshina. In bai ji warin hayaƙi ba, sai ya sauke numfashi, ya jingine ta a bango, sannan ya dubi ɗansa tun daga kai har ƙafa.

"Lafiya lau, Kamaru. Shiga ka kwanta."