Jar Motar Maradun

Shekarar da na ajiye aikin koyarwa, gidana na Talata Mafara ya yi mini faɗi. Yara sun watse garuruwa, uwarsu kuma tana Gusau wajen 'yarmu da ta haihu. A lokacin ne na ji labarin wata jar mota mai ƙofa biyu, irin masu gudun nan da cikinsu ke kusa da ƙasa, wai ana sayarwa a Maradun. Tun ina saurayi nake sha'awar irinta.

A da, da yayana nake zuwa duba mota. Direba ne, shi ya koya mini cewa kafin a saurari inji, a fara duba ƙafa, wato tayoyi da ƙarafan da ke riƙe su. Ya rasu kafin damina, don haka na hau motar haya ni kaɗai.

Mai sayar da motar wani dattijo ne. Muka daɗe muna gaisawa a zaure, sannan ya kai ni gindin dalbejiya inda aka lulluɓe ta da tsohuwar tabarma.

"Ta ɗana ce," ya ce. "Ya tahi Fatakwal aiki, ya ce in an samu mai so a sayar. Ni ban san komi nata ba."

Na danna gefen gaba da ƙarfina na saki. Maimakon ta tsaya cak, sai ta yi ta rausaya kamar kwalekwale. Na durƙusa na leƙa: shokozoba mai rage jijjiga ta jiƙe da mai, ƙasa ta manne mata. Robobin da ke riƙe ƙarafan ƙafar duk sun tsattsage. Na shafa tayar, gefen ciki ya cinye sumul, na waje kuwa kamar sabo.

Na ɗaga ta da jak, na kama tayar sama da ƙasa na girgiza, na ji ƙwas-ƙwas. Sanin inda ƙarar take sai da mutum biyu, ɗaya ya taka birki, ɗaya ya girgiza. Na juya zan yi wa yayana magana, har na buɗe baki. Babu kowa a bayana sai wata tunkiya tana kallona.

"Baba, ko za ka taimake ni ka taka birki?"

Ya tattara babbar riga, ya sunkuya da ƙyar ya shige. Ashe bai taɓa zama cikinta ba. Na nuna masa inda zai taka. Ya taka, na girgiza, ƙarar tana nan. Ƙafar ce ta mutu.

Da na sauke ta, bai fito ba. Ya koma ɗaya kujerar, ya ce, "Malam, ba ka gwada ta bisa hanya?"

Muka kama hanyar Bakura. Kowane rami sai gabanta ya buga, sitiyari yana fizga hagu. Shi kuwa ya sauke gilas yana nuna mini gonakin shinkafa, da na wane da na wane, yawancinsu sun rasu. Na ce mu juya, ya ce mu ƙara gaba kaɗan.

Da muka dawo na gaya masa gaskiya, gyaranta ya fi ƙarfina, hanyoyinmu ma ba nata ba ne.

"To, ba komi," ya ce. "Ta zauna. Wataƙila in ya zo da Sallah ya nemi abinsa."

Muka lulluɓe ta tare. Ya sa aka kawo fura, muka sha. Ya raka ni har bakin titi, ya tsaya sai da na samu mota. Na isa gida bayan la'asar, na wanke baƙin man hannuna, na ɗora ruwan shayi.