Zane Huɗu a Shafi Ɗaya

Duk 'yan gidanmu a Koki sun ɗauka a kan saurayi na daina yi wa ƙanwata magana. Har Inna ta kira ni ɗaki tana yi mini nasiha. Ba wani saurayi. A kan shafin takarda ne.

Shekarar da sojoji suka koma bariki, ina aiki a wani shagon kwamfuta kusa da Ƙofar Nassarawa. Ni ce babba a wurin, kujerar gaban sabuwar kwamfuta tawa ce. Akwai wani malami mai bincike a kan zazzaɓi da yake kawo alƙalumansa a mayar masa zanen ƙididdiga, kuma dole huɗu su zauna a shafi ɗaya. Sai in buga kowanne daban, in rage shi a injin fotokwafi, in yanke da reza, in manna da gam, in bi gefe da farar tawadar gyara kada inuwa ta fito. Aikin wuni ne, amma tas yake fita.

Ni na kai ƙanwata shagon don ta riƙa jera takardu. Ashe karanta wani littafin koyon kwamfuta mai kauri take yi, wanda muke ɗora fanka a kai.

Rannan malamin ya dawo, wai lamba ɗaya ba daidai ba. Na fara laluben reza.

"Yaya, ɗan matsa," in ji ta.

Ta rubuta wa kwamfuta 'yan layukan umarni: zane biyu sama, biyu ƙasa. Ta gyara lambar, ta danna. Sai ga huɗun sun fito a jere, ba gam, ba tabo.

Malamin ya cire tabarau ya mayar. "Ikon Allah! Malama, daga yau ke za ki riƙa yi mini."

Malama! Yarinyar da na goya. Ni tun da yake zuwa "'yan mata" yake ce mini.

Washegari jakar ƙanwata na tarar a kan kujerata.

A hanyar gida ta ce, "Yaya, wallahi ba wuya, zan koya miki."

"Ke? Riƙe abinki."

Koyo kam zan koya, kujerar nan ba zan bar ta ba. Amma ba a hannunta ba. Akwai wata makarantar kwamfuta wajen Ƙofar Ɗan Agundi inda ba wanda ya san ni yayar wata ce. Na ƙudurta ranar Asabar can zan nufa, ko da a bencin 'yan koyo za a zaunar da ni.