Tsohon da Ke Jiran Kek Ya Yi Laushi

Bara, in ji matarsa, tsohon nan ya rantse kek ɗin sitiroberi na gaske shi ne mai tauri kamar biskit, ba mai laushin da kowa ke ci ba. Ya gatsa, haƙoransa na roba suka maƙale a ciki.

Ban san su ba. Teburinmu ne kusa da juna a shagon shayin tashar jirgin ƙasa ta birnin Kobe, muryarta kuma ba ta san sirri ba. Shi siriri ne, kwat a goge, yatsu irin na mai gyaran agogo. Yau ma mai taurin ya sa aka kawo. Yana murtsuke sitiroberi da bayan cokali, ruwan na ratsa kek ɗin, shi kuma ya naɗe hannu. Ni da na gama raina maza, sai ga ni ina goyon bayansa.

"Baban yara, in suka sake maƙalewa, ba ni zan ciro su ba," in ji ta. "Nawa kek ɗin tun daga tanda da laushinsa."

Ya gatsa, haƙora na nan daram. Sai ya dube ta ya ba ta amsa.

"Fumie, mai tauri jira kawai yake so. Ke ma shekara arba'in ke nan ina jira, kin ji na yi ƙorafi?"