Baba Audu da Allon Ƙaruwar Jama'a

Duk wanda ya yi aiki da Baba Audu mai zane, ya faɗa mini ranar da ya taɓa ganinsa a zaune. Babu! An ba shi kujera kamar kowane ma'aikaci, sai ya mai da ita wurin jera gwangwanayen fenti. A tsaye yake zane, a tsaye yake cin doyarsa da manja, in ka ce ya zauna sai ya ce, "Gari bai zauna ba, ni zan zauna?" Ni Garba, da nake riƙe da sito a ofishinmu, na fi kowa shan wahalarsa, saboda haka ku bar ni in kawo labarin a jere. Ba na son magana a warwatse.

Na farko, allon. Kun san yadda mutane suka riƙa kwararowa bayan an mai da Minna babban birnin jiha: ma'aikata, magina, 'yan kasuwa, kowa da katifarsa a ka. Da aka yi 'yan shekaru, sai shugaban sashenmu, wanda muke kira Oga kawai, ya ce a yi babban allo na katako mai taswirar gari, a nuna yadda unguwanni ke cika, domin manyan baƙi za su zo. Baba Audu ya yi dabara, ba zan hana shi ba. Ya yanka siffar ɗan mutum a kwali, yana ɗorawa yana shafa fenti. Baƙin mutum, mazauna ne na dā. Ja, sababbin zuwa. Kowane ɗan mutum yana wakiltar gidaje masu yawa. Ko wanda bai taɓa shiga aji ba, kallo ɗaya zai gane.

Sai dai allon ya ƙi ƙarewa. Da safe ya hau kekensa ya zaga unguwar Barkin Sale, ya dawo yana haki, ya buga mini taga.

"Garba Sito, kawo ja!"

"Baba Audu, jiya na ba ka ja."

"Jiya ciyawa ne a wurin. Yau na ga mace yana shanya!"

Haka Hausarsa take, ta Minna, mace da namiji duk "shi" ne a bakinsa. Oga ya gaji, ya kira shi a gabanmu. "Audu, cewa aka yi ka zana gari, ba a ce ka bi shi da gudu ba. In baƙi suka zo allon nan bai kammala ba, ko ya ba ni kunya, ƙauyen da zan tura ka sai an shiga kwalekwale." Ba wasa yake ba. Ga Baba Audu da 'ya'ya a makaranta, ga tsohuwarsa a Tudun Fulani da ba ta iya tafiya. Duk ofis muka shiga damuwa. Shi kuwa da fitowarsa sai ya ce mini, "To, jan fa?"

Na biyu, rowar fenti. Ba da kuɗinsa aka saya ba, amma yana tsinka shi da kananzir har ja ya koma kamar zoɓon da aka yi wa ƙarin ruwa. Wata rana Maman Ladi, mai kawo mana abinci, ta tsaya tana kallon allon. A wajen unguwar Sauka Kahuta ta ga ɗan mutum rabi, hannu ɗaya, ƙafa ɗaya. A ƙa'idar aikin, rabin mutum rabin adadi ne, amma ni na san gwangwanin ne ya kusa ƙarewa.

"Kai, Baba Audu! Wannan kuma wa ya sare shi?"

"Ba wanda ya sare shi, Maman Ladi. Bai gama saukowa daga mota ba. In ya sauka, ya huta, zan cika shi."

Na uku, kuma shi ne babba, ƙugiya. Ana jibi baƙi za su zo, na shiga ɗakin zane in karɓi buroshi. Na ɗaga kai, sai ga kan magana da manyan haruffa: KARUWAR JAMA'A A MINNA. Nan take na juya wurinsa.

"Baba Audu, saurara da kyau. Ɗaya, abin da ake so shi ne ƙaruwa. Biyu, abin da ka rubuta karuwa. Uku, tsakaninsu akwai 'yar ƙugiya a kan harafin farko. Sa ta."

"Karuwa, karuwa. Me na ce daban?"

"Ƙa! Daga maƙogwaro!"

"Ka! Duk daya ne. Kwalin haruffa na ba shi da kugiya. Mai mugun zuciya ne zai karanta mugun abu."

Na ga ba zan iya da shi ba, sai na kirawo Maman Ladi, don ta yi firamare. Na ce ta karanta, ban gaya mata komai ba. Ta bi haruffan da leɓe, sai ta dafe ƙirji.

"Yesu! Baba Audu, wace ce ita? Har gwamnati ta yi mata allo?"

Bai yi dariya ba. Ya dube ta, ya dube ni, ya kore mu, ya turo ƙofa. Daga nan ya lulluɓe allon da farin yadi, ya hana kowa leƙawa, har Oga. Na tambaye shi sau da yawa, amsa ɗaya ce: "Na sa." Hankalina bai kwanta ba.

Ranar ta zo. Babban baƙo, Bahaushe ne mai karatu a tsanake, ya ja yadin. ƘARUWAR JAMA'A A MINNA. Alhamdu lillahi! Na sauke numfashi. Sai idona ya gangara ƙasa. Jama'a, Ɓarƙin Sale! Tuɗun Fulani! Ɓosso! Duk harafin da zai iya ɗaukar ƙugiya, Baba Audu ya rataya masa. Baƙon ya fara karantawa da ƙarfi kamar yadda aka rubuta, yana kaiwa Sauƙa Ƙahuta sai tari ya sarƙe shi. Oga ya yi tsaye kamar an dasa shi. Baba Audu ya matso kusa da kunnena.

"Ba kai ka ce kugiya ba? Ga shi, kowa ya samu."

Na ce shi ke nan, kwalekwale ya tabbata. Amma da tarin ya lafa, dariya ce ta biyo, baƙon har da share hawaye. Sai ya kai yatsa yana neman unguwar da ƙanwarsa take. Kafin ka ce me, kowa ya yo kan allon. Wannan ya ce an rage wa unguwarsu mutane, wancan ya ce bayan gidansa ma an yi sabon layi. Baƙon ya juya ya ce wa Oga a cire ƙugiyoyin banza, amma mai zanen ya ci gaba da ƙara mutane duk sanda gari ya ƙaru. Wato abin da ake yi masa faɗa a kai, shi aka mai da aikinsa. Maganar ƙauye ba ta sake tashi ba, ni kuma ban sake samun sukuni da jan fenti ba har ya yi ritaya.

Da aka sauke allon aka kawo shi sito, yana cike da jajayen mutane har baki, sai na lura da wani ɗan fili fari a gefen Tudun Fulani. Na san wurin, gidaje ne a cunkushe. Lokacin ciwonsa na ƙarshe na je duba shi, na ce, "Baba Audu, kai da ba ka barin ko rumfa, ka yi mantuwa a unguwarku."

Sai ya ce, "Ban manta ba, Garba. Gonan doyan babana ne. Na san an gina, har da shagon tela. Amma a allo na, ban ba kowa ba."

Allah Ya jiƙan Baba Audu, Ya yafe masa kura-kuransa, Ya yalwata masa makwanci. Allah Ya sada shi da mahaifinsa, Ya ba su fili a Aljanna wanda ba mai yi musu gini a kai. Amin.