Littafin Sallamar Baba da Na Sa a Ƙona

A shekarun da nake ji da kaina, ni direban babbar mota ne da ya bar unguwar Nima tun yana saurayi. Na yi Abidjan, na yi Kano, na yi Agadas, daga baya na zauna a Jidda. Ina jin Twi da Ga da Faransanci, Larabcina ma na kai ni kasuwa ya dawo da ni. Abin alfaharina tsofaffin fasfo ɗina ne masu cike da hatimi, har yayata, wadda ke sayar da shinkafa da wake a unguwar Maamobi, ta raɗa mini suna Alhaji Fasfo.

Na dawo gida da ɗan karatun addini da zafin kai mai yawa. Na tarar da layu rataye a ɗakin mahaifiyarmu, na ce duk sai an ƙone. A cikinsu akwai wata mai faɗi kamar tafin hannu, ɗinke cikin jar fata. Inna ta ce mini wannan ba laya ba ce, littafin sallamar Baba ne daga soja, wanda aka ba shi da ya dawo daga yaƙin Bama, ita ta kai wa baduku ya rufe saboda gara da damina. Na ce mata duk mai laya haka yake kare tasa, kuma ko da gaskiya ne, takardar yaƙin Turawa me za ta yi wa mamaci. Na zuba layun duka a kwano, na miƙa wa yayata ta jefa a murhunta, na tafi masallaci ina ganin na yi aikin lada.

Sai da na tsufa abin ya dawo mini. Jikata ta samu gurbin karatun jinya a waje, ta je neman fasfo. Da aka ga sunanmu na 'yan Zongo, aka ce ta kawo shaidar cewa kakanninta 'yan ƙasar nan ne. Na kwaso jakar takarduna na je da gadara. Takardar haihuwata da girmana na yi ta, da rantsuwa, aka ce ba ta isa ba. Katin zaɓe bai faɗi inda aka haifi ubana ba. Fasfo ɗina duk sun mutu, kuma yawan hatimin ƙasashe sai ya ƙara sa ana yi mini kallon baƙo. Wani ma'aikaci mai kirki ya tambaya ko akwai wata tsohuwar takarda ta mahaifina. Lokacin makaranta na ƙurewa, yarinyar ta daina cin abinci.

Na je Maamobi na zauna a bencin yayata, na faɗa mata ni na kashe wa yarinyar nan hanya da hannuna. Ta ci gaba da zuba wa masu saye abinci, ta tambaye ni ko Alhaji Fasfo bai gwada yi musu Faransanci ba. Sai da ta ga hawayena ta saki ludayi, ta ce in biyo ta. Daga ƙasan akwatin zannuwanta ta ciro jar fatar nan. Ta ce ita ba mahaukaciya ba ce da za ta dafa wake da ubanta. Ta ce Inna ma ta sani tun ranar, kuma har ta rasu in na shigo da rawanina sukan haɗa ido su danne dariya.

Wani baduku a Sabon Zongo ya farke ɗinkin a hankali. Ga lambar Baba, ga garin da aka haife shi a arewacin ƙasar nan, ga tsawonsa, ga zanen fuskarsa, ga tabon ƙaurinsa na hagu da nake taɓawa ina ƙarami, ga dangwalen yatsansa. Na riƙe takardun ƙasashe da yawa, ban taɓa ganin wadda ta san mutum haka ba. Aka karɓa, aka haɗa da rantsuwar yayata, jikata ta tafi.

Abin da na koya shi ne, fasfo yana mutuwa a sake wani, kati yana ɓata a buga sabo, amma littafin sallama sau ɗaya aka ba sojan nan, kuma shi ba zai dawo ya karɓi wani ba. 'Yan uwana na Zongo, in akwai tsohon soja a gidanku, ku nemi littafinsa tun yau, ku ɗauki hotonsa, ku adana. In tsohuwa ta ce muku ga abin da ke cikin fata, ku saurare ta. Ni sharaɗi ɗaya yayata ta kafa mini: in mayar da littafin wurin baduku da ƙafata, in tsaya a kansa har ya ɗinke. Na zaɓi jar fata, irin ta Inna.